Makullin Kwaɗon Auta

Litinin, da hantsi

An kawo kwat ɗin Auta a goge. Direbansa ne ya kawo, ya shimfiɗa min ita a teburin guga ya ce, "Oga ya ce a kula da kafaɗa, wancan karon ta ɗan yi layi." Layi! Tun ina amarya nake wanki da guga a shagon nan, ba wanda ya taɓa kushe min aiki, sai ƙanen da na goya a bayana. Na ce wa direban ya gaida Oga.

Ba kwat ce ta sa na ɗauki biro ba. Duk mai wanki na kirki ba ya tsoma kaya a ruwa sai ya juye aljihu. Jiya na juye aljihun wandon Dogo, ɗana na fari, mai aikin wayar wuta, wanda kowa a layin nan yake cewa ba ruwansa. Abin da ya faɗo a tafin hannuna ba zan rubuta sunansa ba. Na dai san shi. Irinsa na tsinta a aljihun Auta shekarun baya, ko launin takardar ba a sauya ba.

Na zauna a kan bokiti har ruwan wankin ya huce.

Litinin, bayan la'asar

Duk lokacin da na ɗaga kai daga guga, Auta nake gani. Allon tallansa yana tsallaken titi, tsayin bene guda, yana murmushi, ya ɗaga wani tsohon kwaɗon ƙofa sama. A ƙasa an rubuta: BA MAI CETONKA SAI KAI. Yana da cibiyar koyar da mutane gyaran rayuwa. Tashin asuba, tattali, barin mugayen halaye, yadda mutum zai tsaya da ƙafarsa. Ana cika masa ɗakin taro har waje.

Kwaɗon nan da yake ɗagawa ni na saye shi. Na ma yi ciniki, mai shagon ya ƙi ragi.

Talata, da safe

Na tare Dogo kafin ya fita aiki. Na shirya faɗa, na shirya kuka, ko ɗaya bai bar ni na yi ba. Ya ajiye kofin shayi ya ce, "Umma, na san kin gani. Ba sai kin faɗa ba. Ni ma na gaji da shi, wallahi na gaji."

Na ce to alhamdu lillahi, ya tashi mu tafi asibiti.

Sai ya buɗe jakar aikinsa ya ciro wani ɗan kwaɗo sabo fil, irin wanda ake raba wa ɗalibai a cibiyar Auta. Ya ce, "Na shiga ajin Kawu tun watan jiya. Abin da ya yi zan yi."

Na ce, "Me ya yi?"

Ya ce, "Haba Umma, ai kin fi ni sani. Ya shiga ɗaki ya kulle kansa, ya jefar da makulli. Wata guda. Ya fito mutum."

Na ce asibiti dai. Ya yi min wani murmushi na tausayi, irin wanda ake yi wa tsohuwar da ba ta san zamani ba, ya ce, "Kawu bai je asibiti ba."

Akwai alkawari a tsakanina da Auta. Lokacin da zai yi aure ya durƙusa a gaban wannan teburin gugar ya ce, "Yaya, abin da ya faru a ɗakin nan, ki rufa min shi har kabari." Na ce na rufa. Lokacin Dogo yana makarantar kwana, bai ga komai ba, ni kuwa ban taɓa faɗa masa ba.

Alhamis, da rana

Na ƙona wuyan rigar wani malami. Ban taɓa ƙona kayan kowa ba.

Asabar, da yamma

Na je na ji da kunnena. Ban taɓa zuwa taron Auta ba, kullum sai na ce aiki ya yi yawa. Na zauna can baya kusa da fanka, ba wanda ya san ni.

Zan faɗi gaskiya ko da raina a ɓace yake, Auta ya iya magana, kuma ba duka ƙarya ba ce. Da gaske ne ya rasa aiki, ya sayar da babur, ya sayar da takalmin ƙafarsa. Da gaske ne bayan ya warke ya riƙa tashi da asuba yana zagaya gari da ƙafa har tafinsa ya tsage. Da gaske ne da mutum biyar ya fara, a kan benci, yana koya musu abin da ya karanto a littattafan gwanjo. Bai dai ce bencin na wa ne ba, bai ce a barandar shagon wa aka jera shi ba. Na ga wani dattijo a gefena yana share hawaye, ya ce min saboda wannan bawan Allah ya koma gidansa bayan shekara uku. Ban ji haushin wannan ba. Har wani abu na ji a ƙirjina mai kama da alfahari.

Sai aka rage fitilu. Ya ɗaga kwaɗon. Ya sa ɗaya hannun a aljihun kwat ɗin da na goge, ya yi shiru kamar mai neman abu, ya fito da hannun wayam. Wai nan ne makullin ya kamata ya kasance. Ya ce, "Na shiga ɗaki da jarkar ruwa da kwalin biskit. Na datse ƙofa ta ciki. Na jefa makullin ta taga, ya faɗa kwata. Ba uwa, ba uba, ba ɗan'uwa. Ni kaɗai da Ubangijina. Ranar da wata ya cika na ɓalle ƙofar da kafaɗata."

Aka miƙe ana tafi. Mutum ɗari biyar, masu digiri, masu gemu, ba wanda ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, bokitin fa? Wa yake kwashewa?"

Ni nake kwashewa. Ɗakin shi ne siton da ke bayan shagona, inda nake tara omo da gawayi. Shi ya roƙe ni na kulle shi, na kulle shi ta waje, ni da jahilcina a lokacin ina ganin taimako nake. A lungun ƙofar na shimfiɗa bargon guga na kwana, ina jin sa yana zagina, yana zagin uwar da ta haife mu, yana kuka yana kiran Yaya. Kuma ba a yi wata ba, ko mako ba a yi ba. Kwana kaɗan na ji ƙarar faɗuwa, na buɗe, na same shi a ƙasa ya sanƙare yana kumfa. Maigida ne ya saɓa shi a kafaɗa muka yi asibiti. Likitan ya wanke ni tas, ya ce da na ƙara minti kaɗan gawa zan buɗe, wannan abin ba a yanke shi farat ɗaya. A gadon asibiti Auta ya warke, da ƙarin ruwa, da magani, da ni a kan kujerar roba.

Can a layin gaba na hango ƙeyar Dogo. Ya fi kowa tafi.

Lahadi, da safe

Ba ɗan'uwa. Haka ya ce. Ba ɗan'uwa.

Litinin, bayan azahar

Na rufe shago na tafi ofishinsa. Wata yarinya mai farce kamar cokali ta tambaye ni ko na yi alƙawarin ganinsa. Na ce ta shiga ta ce masa mai wankinsa ce. Ta bar ni a kujera har na haddace duk hotunan bango. A cikinsu har da na ƙofar sitona, an ɗauke shi ta yadda ƙarfen kwaɗon bai fito ba.

Da na shiga ya taso da fara'a, "Yaya! Ke ce da kanki? A kawo lemo." Na ce ya riƙe lemonsa. Na faɗa masa abin da na tsinta a aljihun Dogo da abin da yaron ya ƙudura. Fara'ar ta zube. Na ga Autan da na sani na ɗan lokaci, wanda yake cizon leɓe in ya tsorata.

Ya ce, "Yaya, ni ban taɓa ce wa kowa ya kulle kansa ba. Misali ne. Kowa ya san misali ne. Shi ya sa muke ba su ƙaramin kwaɗo, na ajiyewa a kan tebur."

Na ce, "Ɗan yayarka bai san misali ba ne. Yana ganin jininku ɗaya, abin da ka iya zai iya."

Ya ce zai biya asibiti, mafi tsada a garin nan. Na ce yaron ya ce Kawu bai je asibiti ba, kuɗinka zai ɗauke shi ya kai shi? Abu ɗaya nake so, ya zaunar da Dogo ya faɗa masa yadda aka yi.

Ya tashi ya tsaya a taga. Ya ce ranar Asabar ta sama akwai babban taro, za a nuna a talabijin, manyan baƙi za su zo. Ya ce mutum talatin ke cin abinci a ƙarƙashin cibiyar nan. Ya ce in magana ta fita daga bakin Dogo zuwa ajin, daga ajin zuwa waya, shi ke nan an ce maƙaryaci ne, duk wanda ya gyaru ta dalilinsa zai koma ruwa. "Ki bar ni na wuce taron nan, Yaya. Bayan taro zan san dabarar da zan yi masa."

Dabara. Ni da na wanke masa kashi yana da gemu, yau ni ake ce wa na jira bayan taro.

Da zan fita ya ce, "Alkawarinmu fa yana nan ko?" Ban juyo ba. Yarinyar mai farce ta ce na sauka lafiya.

Laraba, da hantsi

Na karya alkawarin. Allah Ya gani, ban yi nadama ba.

Na ja Dogo har ƙofar siton, na faɗa masa komai, har kumfar, har likitan. Na nuna masa ƙarfen da ake maƙala kwaɗo. Na ce, "Duba da idonka, a waje yake. Ta yaya mutum zai kulle kansa ta ciki da ƙarfen da ke waje?"

Ya duba. Ya shafa ƙarfen da yatsa irin na masu aikin hannu. Ya ce, "Umma, ai kowane sito a duniya ta waje ake kulle shi. Ƙila na cikin an cire." Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Na san tsoro kike ji. Amma kar ki ɓata Kawu don ki hana ni. Bai kamace ki ba."

Ni ce maƙaryaciyar ke nan. Na yi shiru shekara da shekaru don na rufa wa mutum asiri, shirun nawa ya zama shaidarsa. Ya faɗi nasa sau dubu a lasifika, ni na faɗi nawa sau ɗaya a bakin sito, tsakanin buhun gawayi da tsintsiya.

Alhamis, da yamma

Maigida ya ce na bi a hankali, yaro ba ƙaramin yaro ba ne, kuma Auta ba mugu ba ne. Na ce ban ce mugu ne ba. Na ce shi da ya saɓo shi a kafaɗa har amai ya ɓata masa riga, me ya sa bai taɓa jin haushi ba in ya ga allon nan? Ya ce, "Ni rigar tawa ai kin wanke ta." Wani lokaci haƙurin mutumin nan ya fi rashin kunyar Auta ƙona min rai.

Ya yi wa Dogo magana shi ma. Dogo ya ce, "Baba, Umma ce ta sa ka."

Asabar

Ba abin rubutawa. Ina guga, yana murmushi a tsallaken titi.

Talata, da sassafe

Gadon Dogo a gyare. Jakar aiki ba ta nan, jarkar ruwan da ke bayan ƙofar kicin ba ta nan. Ya turo saƙo a waya wai kar na neme shi, sai wata ya cika.

Na kira Auta. Yarinyar ce ta ɗauka, wai Oga yana atisayen taro.

Laraba, bayan la'asar

Na sami Dogo. Abokin aikinsa ya yi ta rantsuwa bai sani ba, sai da na zauna a bakin shagonsu na ce ba zan tashi ba, kuma duk wanda ya zo sayen ƙwan fitila sai na ba shi labari. Wani sabon gida ne a ƙarshen gari da suke sa wa wayar wuta, mai gidan yana ƙasar waje, makullan suna hannun Dogo. Ba kowa a ciki sai warin fenti da buhunan siminti.

Ɗakin ƙarshe ne, mai ƙarafa a taga. Na buga. Ya ce, "Umma, don Allah." Na zagaya ta tagar na leƙa. Yaron nan da hannunsa ya kafa ƙarfe ta ciki, da sukurori huɗu, aiki mai kyau, a miƙe. Ba ɗan kwaɗon ajin ya sa ba, wani ƙato ya saya. Makullin yana cikin kwalbatin bayan gida, ya ce ya ji faɗawarsa a ruwa.

Duk faɗin duniyar nan, ɗana ne mutum na farko da ya aikata abin da Auta ya ce ya aikata.

Na ce za mu ɓalle ƙofar. Ya ce, "In kuka ɓalle, wallahi zan tafi inda ba za ki same ni ba, na sake daga farko." Na san shi. Tun yana rarrafe in ya sa kansa abu sai ya ga ƙarshensa.

Na koma shago na ɗauko bargon guga.

Alhamis, da hantsi

Maigida ya zauna a ƙofar, ni na je wajen likita. Wancan na da ya rasu, wata matashiya na samu. Na nuna mata abin da na tsinta a aljihu. Ta tambayi tun yaushe yake sha, ta tambayi yaushe ya daina. Da na faɗa mata sai ta ajiye biro. Ta ce kwanakin nan da muke ciki su ne masu haɗari, a kawo shi yau, kar a kai gobe. Na ce ya ƙi. Ta ce in ya fara rawar jiki ko ya daina amsawa, kar mu tsaya neman izininsa, mu fasa. Amma ta ce wanda aka kawo da ƙarfi yakan gudu, wanda ya zo da ƙafarsa shi yake zama.

Maigida ya kawo ƙarfen cire taya ya jingine a bango. Muna zaune mu uku, ni da shi da ƙarfen.

Alhamis, da yamma

Dogo yana amai. Yana cewa ba komai. Na miƙa lemon zaƙi ta taga, ya ture, wai Kawu ba wanda ya miƙa masa komai.

Na bare wa Kawun lemo da hannuna har farcena ya yi ciwo.

Na kira Auta sau ban san adadi ba. Daga ƙarshe ya ɗauka, murya ƙasa-ƙasa. Na kwatanta masa gidan, na ce ga abin da likita ta ce. Ya ce, "Jibi ne taron, Yaya. Jibi kawai. Ana tashi zan taho." Na ce Allah Ya ba da sa'a, na kashe.

Juma'a, bayan azahar

Na leƙa shago don na sallami masu karɓar kaya, sai ga direban da kwat a leda. Sabuwa, baƙa, ta taron gobe. "Oga ya ce ba wanda ya iya kafaɗa sai ke."

Na daɗe ina kallonta. Dutsen guga yana hannuna da zafinsa, kuma Allah Ya sani na yi niyyar ɗora shi a tsakiyar bayan na tafi na bar shi. Ban yi ba. Na goge ta kamar yadda ban taɓa goge wata riga ba, kafaɗa ta tsaya cak.

A cikin makullan da nake ɗaurewa a bakin zanina akwai wani ƙarami da ya yi baƙi, ba ya buɗe komai a gidana. Lokacin da Auta ya zo ya ɗauki tsohon kwaɗon daga durowata, wai zai ajiye don tunawa, a datse ya ɗauke shi, bai tambayi makullin ba, ni ma ban ba shi ba. Na kwance shi. Na ɗaura masa jan zare, irin wanda nake yi wa kayan Auta alama da shi don kar su haɗu da na wasu. Na sa shi a aljihun dama, wanda yake zura hannu ya fito da shi wayam.

Rayuwata duka cire abu nake daga aljihun mutane. Yau na saka.

Asabar, da safe

Dogo bai runtsa ba, mu ma haka. Hannunsa yana karkarwa, na gani ta taga. Yana magana da wani wanda ba ya ɗakin. Maigida ya ɗauki ƙarfen ya riƙe a cinya. Ban manta maganar likita ba, amma ina so yaron ya fito da ƙafarsa. Na ce wa Maigida in aka yi la'asar ba abin da ya sauya, a fasa, in ya so ya tsane ni har abada.

Lahadi, da hantsi, a asibiti

Jiya ban iya rubutu ba. Bari na rubuta yadda aka yi tun ban manta ba.

Ana gab da la'asar, lokacin da ya kamata a ce yana kan dandamali, muka ji tsayuwar mota. Sai ga Auta a cikin baƙar kwat, an shafa masa hoda a fuska saboda kyamara, ƙaramar lasifika tana maƙale a wuyan rigarsa. Kwaɗon yana hannunsa na hagu, na dama a dunƙule. Bai gaishe mu ba. Ya dube ni, idonsa jawur, ya ce, "A bayan labule na sa hannu, Yaya. Saura kaɗan a kira sunana."

Na ce, "Ɗakin ƙarshe."

Ya zagaya ta tagar, ya durƙusa a kan yashi da burbushin siminti, a cikin kwat ɗin da na ɓata rabin yini a kanta. Ya ce, "Dogo. Kawunka ne."

Daga ciki muka ji, "Kawu, ina nan. Ban karaya ba. Kwana na biyar ke nan."

Auta ya kifa goshinsa a ƙarfen tagar. Ya ce, "Ni ban kai biyar ba."



Ya ci gaba, "A na huɗu na faɗi. Uwarka ce ta buɗe. Ubanka ne ya ɗauke ni, na yi masa amai a wuya. Ban kulle kaina ba, ban jefa komai a kwata ba, ban ɓalle ƙofa ba. Ko tsayuwa ban iya ba, balle kafaɗa. Wata guda na yi a gadon asibiti ana ba ni shayi a cokali." Ya zura kwaɗon ta tsakanin ƙarafan, ya bi shi da makullin mai jan zare. "Ga shi. Gwada."

Dogo ya daɗe bai samu ramin ba. Ina tsaye a bayan Auta ina jin ƙarfe yana goga ƙarfe. Sai muka ji ƙas. Kwaɗon da aka nuna wa dubban mutane a kan ba zai sake buɗuwa ba, ya buɗe kamar jiya aka sa masa mai.

Sannan Dogo ya ce, da wata murya da rabona da ita tun yana firamare, "Kawu, ni fa na jefa nawa da gaske."

Auta ya fashe da kuka. Ni ban yi ba, ban da lokaci.

Dogo ya ce, "Umma, kina nan?"

Na ce, "Ina zan je?"

Ya ce, "Ku buɗe ni."

Maigida bai jira a maimaita ba. Sukurorin Dogo sun yi gardama, yaron ya iya aiki, sai da ƙyauren ya tsage. Dogo ya taka da ƙafarsa har bakin ƙofa, a nan gwiwarsa ta saki. Auta ne ya saɓa shi a kafaɗa. Kafin mu kai mota ya yi masa amai tun daga wuya har aljihu. Maigida ya dube ni, na dube shi.

A mota jikinsa ya fara sanƙarewa. Muna shiga aka karɓe shi. Likitar ta ce mun zo a kan gaɓa, ba ta ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba.

Litinin, da yamma

Wayar Auta ba ta huta ba tun shekaranjiya. Na ji yarinyar ofis tana kuka a ciki, wai baƙi sun watse, masu talabijin suna neman bayani. Ya ce mata zai yi bayani. Ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Yaya, me zan ce musu?" Na ce ni mai wanki ce, ban iya lasifika ba, amma ya san inda gaskiyar take tunda ya faɗe ta sau ɗaya bai mutu ba. Ban san abin da zai yi ba. Allon yana nan, na gan shi da na je ɗauko kaya.

Kwat ɗin tana cikin leda a ƙarƙashin kujerata. Ya ce a jefar. Na ce ba a jefar da kaya a gabana, za ta fita.

Talata, da hantsi

Dogo ya sha shayi rabin kofi, ya zauna a cikinsa. Ya ce, "Umma, ki yafe min na ce kin yi ƙarya." Na ce ya sha shayinsa. Likita ta ce tafiyar da sauranta, watanni ne, kuma ba shi kaɗai zai yi ta ba. Ya ce ya ji. Da bakinsa ya ce ya ji.

Na fito baranda na tarar da Auta a kan benci, ya ƙi tafiya gida tun ranar Asabar. Barci ya kwashe shi a zaune, baki buɗe, sauran hodar kyamara tana bayan kunnensa. Fankar barandar tana kaɗa masa sanyi, ya takure kamar yadda yake yi yana yaro.

Ban huce ba. Ban san ranar da zan huce ba, kuma in ya farka sai ya ji sauran abin da ke bakina. Na ciro bargon guga daga jaka na lulluɓe shi, na koma wajen ɗana.